Magaji da Gado a Cikin Jiki Magayi

Gabatarwa

Littafin Jiki Magayi yana ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga tsakanin 1934 da 1935, bayan gasar rubutu da Dokta R. M. East ya shirya a 1933. Sauran huɗun su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Shi kaɗai ne a cikinsu yake ɗauke da sunayen mawallafa biyu, watau John Tafida, mutumin Wusasa, da kuma shi East ɗin. Shi kaɗai ne kuma wanda rikicinsa ya taso daga tsakar gida, a kan aure da haihuwa, ba daga fagen yaƙi ko yawon duniya ba.

Idan manazarta da ɗalibai suka zo fitar da jigon wannan littafi, galibi sukan ce ramuwar gayya ce. Wasu sukan ce tarbiyya, wasu kuma su ce zaluncin mai dukiya a kan talaka. Ba mu musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa a wannan takarda shi ne, dukkansu rassa ne, gindin bishiyar kuwa neman magaji ne. Da Malam Shaihu bai ƙagu ya sami wanda zai gaje shi ba, da babu auren da za a raba, babu gayyar da za a rama, babu kuma yaron da tarbiyyarsa za ta lalace. Za mu kuma duba dalilin da ya sa muke ganin ba banza ba ne irin wannan labari ya fito daga hannun mutumin Wusasa.

Kalmar da abin da ta ƙunsa

Magaji sunan mai aikatawa ne daga aikatau gada, kamar yadda manomi ya fito daga noma. Amma Bahaushe bai tsayar da kalmar a kan mai karɓar dukiyar mamaci kaɗai ba. A kare-karen harshe na yamma, kamar na Sakkwato da Katsina, mutum yakan kira wansa magajina, yarsa kuma magajiyata, tun iyaye suna raye, domin su ne ake sa ran za su tsaya a matsayin uba da uwa in ta Allah ta kasance. A fagen sarauta muna da Magajin Gari a garuruwa da yawa, da Magajin Rafi a Sakkwato, da Magajin Malam a Kano. A Daura, Magajiya ake kiran sarauniyoyin da tarihi ya ce sun mulki garin kafin zuwan Bayajida. Har a wajen 'yan bori da matan da ke zaman kansu, shugabarsu Magajiya ce. A duk waɗannan wurare babu maganar rabon kayan mamaci. Abin da kalmar take nufi a nan shi ne mai riƙe da wuri, wanda aka ɗora wa nauyin kada wurin ya zama kango. (A rubutun boko, inda ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti, gadon da ake ci da gadon da ake hawa kamanninsu ɗaya ne a takarda, shi ya sa gadon sarauta yakan karantu ta fuska biyu, kuma kowace fuska aka ɗauka ba a yi kuskure ba.)

Idan muka tattara waɗannan ma'anoni, za mu ga Bahaushe ya ƙulle abubuwa uku a cikin kalma ɗaya: jini, da dukiya, da hali. Na ukun nan ya haɗa da sana'a da mutunci da sunan gida. Da aka ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ba shanu ko gona ake nufi ba, domin ko lalataccen ɗa yana cin waɗannan. Ana nufin ɗan maƙeri ya riƙe maƙera, ɗan wanzami ya ɗauki zabira, ɗan malami ya zauna a buzun ubansa ya biya wa almajirai. Shi ya sa kuma aka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idan kuwa aka sami akasi sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A tsarin gandu na ƙauyukanmu ma, babban ɗa ba ya jiran mutuwar uba kafin ya fara ɗaukar nauyin gida. Gadonsa aiki ne tun kafin ya zama rabo.

Mutanen Zazzau kuwa sun fi kowa sanin cewa jini shi kaɗai ba ya ba mutum gado. Bayan jihadi, da Malam Musa ya rasu a 1821, ba ɗansa ne ya hau ba, Yamusa ne na gidan Barebari. Da shi kuma ya rasu a 1834 sai Abdulkarim na gidan Katsinawa ya karɓa, daga baya gidan Sulluɓawa ya shigo. Tun daga nan sarautar take zagayawa tsakanin gidaje, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na mulkin Zazzau da aka buga a 1960. Gidan Mallawa ya yi kimanin shekara ɗari bai hau ba, tun bayan da Turawa suka tuɓe Aliyu Ɗan Sidi, har sai a 2020 da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli bayan rasuwar Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a kan gado. A ƙasar da ɗan sarki yake tashi ya tsufa ya mutu bai ga sarauta ba, tambayar wane ne magaji tambaya ce ta kullum.

Yadda labarin ya warware ƙullin

Ga labarin a taƙaice, don amfanin wanda ya daɗe bai karanta ba. A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shaihu, yana da dukiya da mata amma ba shi da ɗa. Aka yi masa ishara cewa in ya auri wata yarinya, Zainabu, zai sami haihuwa. Ita kuwa Zainabu tana da saurayinta, Abubakar, har maganar aure ta yi nisa. Malam Shaihu ya sa ƙarfin dukiyarsa da duk dabarar da dukiya take iya saye, ya raba su, ya aure ta. Abubakar ya bar gari da alkawarin sai ya rama, ya sha baƙar wahala a dazuka har jikinsa ya nakasa, daga ƙarshe ya samo wani mugun magani a wurin boka. Kafin nan Zainabu ta haifi ɗa namiji, Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Kyauta. Abubakar ya dawo ya yi wa yaron magani. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya kunyata uban har ya bar garin, shi kuma ya shiga duniya. Wani dare ya shiga sata a wani gida a garin da bai san iyayensa suna zaune ba, ya kashe maigidan, ashe ubansa ne. Da ya ji asalin abin daga bakin uwarsa, ya fita neman Abubakar don ya rama, sai ya tarar mutuwa ta riga shi.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne irin tsoron da ke damun Malam Shaihu. Mai karatu na 1935 ba ya bukatar a yi masa bayani, domin ya san lissafin alƙali. Idan mutum ya mutu bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji ba, matansa, ko su nawa ne, rubu'i suke rabawa, watau kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuma ya tafi ga iyaye da 'yan'uwa da dangin uba, in babu su ya faɗa baitulmali. Idan ya bar 'ya mace guda ɗaya, rabi take ɗauka. A cikin 'ya'ya, ɗa namiji ne kaɗai yake tare 'yan'uwan mamaci gaba ɗaya, ya kwashe abin da ya rage bayan masu farilla sun ɗauki nasu, kuma zuwansa yakan mayar da rabon matan uba daga rubu'i zuwa sumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka attajirin da ba shi da ɗa namiji, a idonsa, wahala yake yi wa waɗansu. Kowace riga da ya ƙulla a cikin adaka, yana ganin wuyan ƙanensa ko ɗan wansa a ciki.

To, a nan ne kuskuren Malam Shaihu yake, kuma mawallafan sun nuna shi ba tare da dogon wa'azi ba. Cikin abubuwa ukun da muka ambata, biyu kaɗai ya gani. Yana son jininsa ya riƙe dukiyarsa. Na ukun, watau hali, bai sa shi a lissafi ba, har ma shi ne abin da ya fara sayarwa don ya sami na farkon. Mutumin da ake kira malam, ya san haramcin neman aure a kan neman wani, ya take wannan sani da ƙafarsa. Ke nan tun kafin a ɗauki cikin Kyauta, gadon halin da uban zai bar masa ya riga ya tabbata: karɓe abin wani da ƙarfi. Yaron da ya tashi yana haura katangun mutane da dare, abin da ubansa ya yi da rana tsaka a gaban shaidu shi yake maimaitawa, sai dai shi ba shi da goron da zai raba. Ta wannan fuska ba daidai ba ne a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ta yi.

Laƙabin yaron ma abin tsayawa ne a duba. Bahaushe yakan kira ɗan da aka daɗe ana nema Kyauta, ma'ana daga Allah yake, ba wayon kowa ne ya kawo shi ba. A fiƙihu kuwa kyauta da gado kishiyoyi ne. Gado haƙƙi ne ƙayyadadde, ba mai iya hana magaji nasa, ko da mamacin ba ya ƙaunarsa. Kyauta kuwa ganin damar mai bayarwa ce, ba a ƙwatarta, ba a kai ƙara a kanta. Malam Shaihu ya nemi haihuwa kamar mai bin bashi, sa'an nan da ta zo aka sa mata sunan abin da ba a nema da ƙarfi. Duk lokacin da wani a cikin labarin ya buɗe baki ya kira yaron, yana tuna wa mai karatu wannan saɓani.

Akwai wata tambaya da ɗalibai suka saba yi a aji, kuma tambaya ce mai kyau: shin maganin Abubakar ne ya lalatar da Kyauta, ko kuwa sangartar da uban ya yi masa? Littafin ya ajiye dalilan biyu gefe da gefe, bai zaɓa mana ba. Wanda ya yarda da asiri ya sami abin riƙewa, wanda bai yarda ba shi ma ya sami nasa, domin kowa ya san yadda ɗan da aka samu bayan an fid da rai yake tashi a gidan mai kuɗi: ba a kwaɓarsa, ba a hana shi, malamin allo ma da lissafi yake ɗaga bulala. A ganinmu wannan rashin zaɓi ƙarfi ne a wani wuri, rauni ne a wani. Ƙarfinsa shi ne ya bar ƙofa a buɗe ga masu karatu iri biyu a zamanin da makarantar boko take sabuwa. Rauninsa shi ne maganin ya sauƙaƙa wa mawallafan aiki fiye da kima. Da sun jure sun bi yaron shekara da shekara, muna ganin yadda gatan magaji yake zama guba, da mun sami littafin da ya fi wannan nauyi. Sai suka ba mu ƙullin magani a inda muke bukatar shafuka.

Amma akwai wata hanyar karanta maganin wadda take rage wannan zargi, kuma ita ce muke so mu gabatar wa mahalarta taro. Mu ɗauka cewa maganin hanya ce ta nuna Kyauta yana da uba biyu. Malam Shaihu ya ba shi jini. Abubakar, wanda da abubuwa sun tafi daidai shi ne zai haifi ɗan farin Zainabu, ya ba shi abin da ya rage masa a duniya. Me ya rage masa? Ba mu ga ya kafa gida ba, ƙuruciyarsa ta ƙare a daji, lafiyarsa ta tafi. Dukiyarsa guda ɗaya ita ce gaba, kuma ita ya ɗura wa yaron. Hujjarmu tana ƙarshen littafin. Da Kyauta ya san gaskiya, abin da ya fara yi shi ne ya ɗauki makami ya bar gida yana neman wanda zai rama a kansa, daidai yadda Abubakar ya yi shekaru da yawa kafin nan. Yaron da aka raba aure don ya gaji attajiri, sai ga shi ya gaji wanda aka zalunta, ya ɗauki tafiyarsa daga inda ya ajiye. Kuma kamar kowane magaji, sai da mai abin ya mutu ya iso.

Ba za a rasa wanda zai tuna da Idifus na Sofokilis ba, marubucin wasan kwaikwayo na Girka ta dā, domin can ma ɗa ya kashe ubansa bai san shi ba ne. Kamannin a fili yake, amma bambancin ya fi shi amfani a gare mu. A labarin Girkawa an gargaɗi uban cewa ɗansa ne ajalinsa, sai ya jefar da jaririn don ya tsere wa ƙaddara, ita kuwa ta cim masa. A Galma ba wanda ya gudu daga ɗa, nemansa aka yi ido rufe. Abin da ya kashe Malam Shaihu ba hukuncin da aka yanke tun kafin ya yi laifi ba ne, alhaki ne, wanda Bahaushe ya ce kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Mai sauraron Girka yana fita da tsoron abin da ba shi da iko a kai. Mai karatun Hausa yana rufe littafin yana iya nuna ranar da abin ya ɓaci da wanda ya ɓata shi.

Inda littafin ya gaza ƙwarai, a ra'ayinmu, shi ne wajen Zainabu. Ita ce aka raba da masoyinta, ita ta ɗauki ciki, ita ta ga gawar mijinta da hannun ɗanta a ciki, amma mawallafan sun riƙe ta kamar yadda Malam Shaihu ya riƙe ta, watau hanyar da magaji zai biyo ya iso. Harshen da yake da kalmar magajiya, har ya ba ta sarautar Daura, bai sami komai daga wannan kalma a cikin littafin ba. Ba wanda ya tambaya abin da zai faru da a ce mace aka haifa.

Idan muka waiwayi littattafan zamaninsa za mu ga damuwar ba ta Jiki Magayi kaɗai ba ce. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga daga 1937, da rashin magaji ya buɗe: Sarki Abdurrahman ba shi da ɗa namiji, sai da aka tara malamai arba'in suka yi addu'a kwana arba'in aka sami Musa, kuma duk hirar aku a littafi na farko dabara ce ta tsare wannan magaji daga makircin Waziri. Sarki ya roƙa, attajiri ya ƙwata, sakamakon kowa ya bi hanyar nemansa. A littafi na uku kuma aku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana, gadon da ba ya shiga rabon alƙali. A Shaihu Umar, yaron da aka sace aka kai wata ƙasa shi ne ya zauna a mazaunin malaminsa, Shaihu Mas'udu, ba tare da ɗigon jini ya haɗa su ba. Marubutan nan duka suna juya tambaya ɗaya a lokacin da Turawa suke naɗa sarki su tuɓe sarki, makaranta kuma tana fitar da 'ya'yan da ba za su koma sana'ar iyayensu ba.

Wusasa

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birnin Zariya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun ambaci abubuwan da suke hana mutum cin gado ko da shi ɗan cikin mamaci ne. Uku daga ciki su ne suka fi shahara: bauta, da kisan kai da gangan, da bambancin addini. Na biyun shi ne ya faɗa wa Kyauta. Na ukun kuwa shi ne ya shafi mutanen da John Tafida ya fito daga cikinsu.

Wusasa tana wajen ganuwar birni, kusa da dutsen Kufena. Tarihinta na zamani ya faro ne daga cikin birnin. Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta C.M.S. ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta da wurin shan magani, ya tara yara a gidansa. Zamansa da hukumar gargajiya da ta Turawan mulki bai yi daɗi ba, har a 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, inda aka kafa majami'a da makaranta da asibiti. Waɗanda suka taru a wurin iri-iri ne: akwai Hausawa da Fulani da suka karɓi Kiristanci, akwai zuriyar Isawa da suka zo wurin Miller a 1913 suka fara zama a Gimi, akwai kuma waɗanda aikin mishan ya kawo daga wasu ƙasashen Arewa. Ga wanda ya fito daga gidan Musulmi a cikinsu, hukuncin a bayyane yake. Jininsa bai canja ba, ubansa ubansa ne, harshensa da rigarsa da gaisuwarsa duk na gida ne, amma ranar rabon gado alƙali ba zai kira sunansa ba, shi ma in ya riga su mutuwa ba za su gaje shi ba. Ba muna kawo wannan don mu yi wa hukuncin sharhi ba, kowace shari'a tana da iyakokinta da hujjojinta. Muna kawo shi ne don mu nuna cewa a Wusasa, abubuwa ukun da Bahaushe ya ƙulle a kalma ɗaya sun riga sun rabu a rayuwar mutane, kowa yana ganinsu ɗaya-ɗaya. Mutumin birni yana iya rayuwa har ya mutu bai taɓa bambanta ɗa da magaji ba. Mutumin Wusasa ba shi da wannan sauƙi.

Abin sha'awa shi ne abin da garin ya zaɓa ya riƙe. Majami'ar St Bartholomew da aka gina a 1929 ginin ƙasa ce irin ta Hausa, da bakan gizo da azara, fasahar da ta kai ƙololuwarta a Masallacin Juma'a na birnin Zariya wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim. Da Hausa aka riƙa yin ibada a cikinta, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa. Wanda aka cire daga rabon gona da gida, sai ya riƙe gadon harshe da gini da ɗabi'a, ya ƙara da wani sabo, watau ilmin boko, wanda malami yake ba ɗalibi ba tare da tambayar ɗan wane ne ba. Daga wannan ƙaramin gari aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga wannan jama'a Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Yakubu Gowon ya tashi, ɗan malamin mishan daga ƙasar Angas, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru guda. Babu ɗayansu da ya gaji kujerarsa daga uba.

Ba muna cewa John Tafida ya zauna ya rubuta tarihin garinsu a fakaice ba ne. Babu Kirista ko ɗaya a cikin taurarin labarin, duniyarsa ta Musulmi ce da malamai da bokaye, kuma dole a tuna akwai hannun East a cikin aikin. Abin da muke cewa ya fi wannan ƙanƙanta. Cikin marubutan biyar na farko, wanda ya zaɓi ya gina labarinsa a kan ɗan da yake na jini amma ya fita daga gado, shi ne wanda yake zaune a cikin jama'ar da ta san wannan hali da idonta. Sai dai ya juya al'amarin. A Wusasa ana iya samun ɗan da ya riƙe hali ya rasa dukiya. A Galma an sami uban da ya tanadi dukiya da jini, ya bar hali a baya, kuma littafin bai ɓoye wanne ne yake gani ya fi asara ba.

Bari mu koma zauren alƙali mu yi wa Malam Shaihu rabon gado, tun da don wannan rana ya yi duk abin da ya yi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi kisa bisa kuskure yana cin gadon dukiya, diyya ce kaɗai ba ya shiga. Wanda ya yi kisa da gangan bisa zalunci ba ya cin ko ɗaya. Ɓarawon da ya haura gida da dare ya sari maigida da makami, kisansa na ganganci ne, rashin sanin ko wane ne maigidan ba ya mayar da shi kuskure, domin mutumin da ya nufa da sara shi ya samu. Ko da dukiyar ta faɗo hannun Kyauta ta wata hanya, ba da sunan gado ta zo ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da malaman fara'ili suka sani: wanda aka haramta wa gado saboda ɗayan waɗannan dalilai ba ya tare kowa, ba ya kuma rage rabon kowa, ana yin lissafi kamar ba ya nan. Saboda haka 'yan'uwan Malam Shaihu, waɗanda ya raba aure don ya tare su, za su dawo su zauna a gaban alƙali su ɗauki abin da ya rage. Zainabu da kishiyoyinta kuma ba sumuni za su raba ba, rubu'i za su raba, rabon matan mutumin da ya mutu bai haihu ba.